BAƘO DA ƊAN GARI A BABBAN BIRNIN TARAYYA

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Gwamnatin Soja ta Janar Murtala Muhammed ta kafa doka mai lamba 6 wadda ta ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ban da cunkoson Legas, babban dalilin da aka bayar shi ne a sami wuri a tsakiyar ƙasa wanda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Nijeriya da za ta ce nata ne. Watau tun daga tushe an tsara Abuja domin baƙi.

Ko sunan ma baƙi ne suka zo da shi. A zamanin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa, ya sauka a Zuba cikin ƙasar Koro. Ɗan'uwansa Abu Ja shi ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da aka ɗauki sunan domin sabon birnin, sai tsohon garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Amma ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da akan manta. Ƙasar da aka yanko ba kufai ba ce. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro, da Gade, da Ganagana, da Gwandara, da Bassa, kowa da gonakinsa da sarakunansa da makabartun kakanninsa. Da fari an yi niyyar kwashe su duka zuwa jihohin da ke maƙwabtaka. A 1978 aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihu, sai aka taƙaita tashin ga waɗanda aikin gini ya shafa. Ta haka mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a Jihar Neja, ƙauyen Garki kuwa ya wanzu a inda yake har birni ya kewaye shi. Tun da Tsarin Mulki ya ɗora mallakar filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, manomin da aka haifa a nan yakan ga an ba wani takardar filin da ubansa ya noma. Wannan koke ne na gaskiya, kuma rashin tsayawa kan manufa guda game da sake tsugunarwa ya ƙara masa zafi.

A ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tare a Abuja. Ƙidayar wannan shekara ta sami mutum kimanin dubu 370 a yankin. Ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan 1 da dubu 400. Ma'aikatan gwamnati aka zata, amma da su suka zo da magina, da direbobi, da 'yan tireda, da masu sayar da ruwa, da matasa masu neman abin yi. Kuɗin haya a Maitama da Asokoro ba na talaka ba ne, saboda haka yawancinsu suka sauka a Nyanya, da Karu, da Kubwa, da Lugbe, wasu har Mararraba cikin Jihar Nasarawa. A waɗannan unguwanni ne cuɗanya ta ainihi take faruwa. A gida ɗaya za a tarar da Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe da Batibi suna ɗiban ruwa a rijiya guda, ana ciniki da Hausa da Turancin buroka. Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kirista ta Ƙasa da ke tsakiyar birni alama ce mai kyau, amma tsakar gidan haya ta fi su koyar da haƙuri.

Doka ba ta bar baƙo kara zube ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Wanda ya yi rajista yana da ƙuri'a a zaɓen majalisun yankuna shida, watau Birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne: ya san mai unguwar da ya sauka a cikinta, kada ya sayi fili ba tare da takardar hukuma ba, domin rusau ya cinye jarin mutane da yawa, sa'an nan ya daina ba'ar da aka saba yi wa masu masaukinsa.

Akwai kuma waɗanda ba neman arziki ya kawo su ba. Tun wajen 2014, mutanen Gwoza da sauran sassan Borno da rikicin Boko Haram ya kora suka kafa bukkoki a Durumi da Sabon Kucingoro. An haifi yara da yawa a can waɗanda ba su taɓa ganin Borno ba, kuma makaranta da asibitin da suke bukata, na Abuja ne.