Darasin Mako: Kowane Jirgi Da Iyakarsa

A wasan Traveller, wanda ya fito a Amurka a 1977, 'yan wasa kan zauna a teburi su zana jirgin sararin samaniya. Kowane jirgi da adadin tan ɗinsa. In ka faɗaɗa inji ko tankin mai, wurin kaya ya ragu. Yau manhajojin kwamfuta ke yin wannan lissafi, su gargaɗe ka in ka zarce.

Mu 'yan Warra mun san wannan doka. A Mayun 2021, jirgin ruwan da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse da jama'a da yawa. Allah Ya jiƙansu.

Gwada: jirginka tan 100 ne. Inji 15, tankin mai 30, ɗakin matuƙi 20. Tan nawa ya rage na kaya?