Sabuwar Taya Sai da Lallami

Idan ka sa wa motarka mai gudu sababbin tayoyi irin su Michelin Pilot Sport, don Allah kada ka take totur nan take. Taya na fitowa daga masana'anta da santsi a fuskarta, ragowar man da ke hana roba mannewa a mazubi, kuma sai kwalta ta goge shi kafin ta kama titi sosai. Ba ta kamar kilomita 800 kana lallaɓawa: birki a hankali, kwana a hankali, balle in an yi ruwa. Zanenta ma bai ci ba, shi ya sa sitiyari ke ɗan lilo a kwana. Iska kuwa, auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi.