Zaɓen Kayan Tarakta Don Haƙa Ramin Binne Wayar Lantarki A Gona

Gonaki da yawa a yau suna da rijiyar burtsatse mai famfon lantarki, ko gidan kaji, ko injin niƙa da ke nesa da inda janareta ko farantan sola suke. Wayar da aka rataya a kan sanduna tana fuskantar iska da gobarar daji da ɓarayi, don haka manoma da dama suka koma binne ta. Tambayar ita ce: wace garma za a ɗaura wa tarakta don wannan aiki? Amsar ta dogara ne ga zurfin da ake bukata da kuma irin ƙasar wurin, ba ga abin da ke ajiye a gareji ba.

Zurfin Rami

A inda ba a noma, kamar gefen shinge ko tsakar gida, kada zurfin ya gaza santimita 60. A cikin gonar da tarakta ke shiga kuwa, ko ƙarƙashin hanyar da tirela ke bi, a kai shi santimita 90 zuwa mita 1. Dalili shi ne garmar faifai tana kaiwa santimita 20 zuwa 30, garmar fasa ƙasa kuma tana iya wuce 50. A yankunan doya irin su Neja da Nasarawa da Binuwai, a tuna cewa ana kwashe ƙasar sama a tara ta a yi kunya, sai abin da ya rage a kan wayar ya ragu.

Wannan lissafi shi ya fitar da garmar faifai da garmar huɗa daga cikin zaɓi. Suna buɗe layi mai kyaun gani cikin ɗan lokaci, shi ya sa suke ruɗin mutane, amma layin bai kai rabin zurfin da ake so ba. Wayar da aka binne a ciki za ta gamu da bakin garma a damina mai zuwa, kuma idan akwai wuta a jikinta, ran direba ne a cikin haɗari. Iyakar amfaninsu shi ne shata layi kafin lebura su bi da diga.

Garmar Fasa Ƙasa Mai Haƙori Ɗaya

Ita ce mafi araha. Ana walda mata lanƙwasasshen bututun ƙarfe a bayan haƙorin, ta yadda tana tsaga ƙasa tana shimfiɗa bututun roba a lokaci guda. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375, tana jan haƙori ɗaya zuwa santimita 45 ko 60 a ƙasa mai laushi. A fara bin layin sau biyu ko uku ba tare da bututu ba, ana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan. Aibinta biyu ne. Ba ta kaiwa zurfin da gonar noma ke bukata, kuma ba a ganin ƙasan ramin, balle a san ko bututun ya kwanta a kan dutse mai kaifi. A ganina ta dace da jigawa kawai, a layin da garma ba za ta taɓa bi ba.

Injin Haƙa Mai Sarƙa

Wannan yana karɓar ƙarfi daga sandar PTO mai juyi 540 a minti, yana yanka siririn rami mai faɗin santimita 10 zuwa 20. Aikinsa tsaf ne, ƙasar da yake fitarwa kuma ba ta da yawa. Sai dai akwai sharaɗin da masu haya ba sa faɗa: dole taraktar ta iya tafiya a hankali ƙwarai, 'yan ɗaruruwan mitoci a awa. Giyar farko ta yawancin taraktocinmu ta wuce kilomita 2 a awa, kuma ba a rage gudu da rage totur, domin sarƙar ma za ta rage juyi. Idan babu giyar rarrafe, kada a biya kuɗin haya. Direban da ya ce zai lallaɓa da taka kuloci, kulocin zai ƙone.

Cokalin Haƙa Na Bayan Tarakta

Inda akwai marmara ko saiwoyin itatuwa, ko ana son mita 1 cif, wannan ne zaɓi. A nemi ƙaramin cokali mai faɗin santimita 30. Yana da nawa, amma yana barin rami a buɗe a duba shi. A tabbata ƙafafunsa biyu sun kafu a ƙasa kafin a fara.

Lokaci Da Shimfiɗa

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙasa tana da sauran danshi. Lakar fadama da rani tana cin haƙoran inji, a tsakiyar damina kuma bangon rami rushewa yake yi. Kafin haƙa, a gano inda bututun ruwa suka bi. Mai babbar riga ko rawani kada ya kusanci sandar PTO tana juyi.

A zuba yashi mai kaurin santimita 10 a ƙasan ramin, a kwantar da waya mai sulke, ko wayar da aka zura a bututun roba saboda gafiya da gara, a sake rufewa da yashi. A shimfiɗa kaset ɗin gargaɗi kamar santimita 30 sama da wayar. Kada a yi haɗi a cikin ƙasa. Kaurin waya da haɗa ta aikin ma'aikacin lantarki ne mai takardar shaidar hukumar NEMSA, shi zai gwada ta kafin a cike ramin. Daga nan a kafa turaku a kowace kwana, a zana layin a takarda, a nuna wa duk direban da zai shiga gonar.