Darasi: Biyan Tarar Hanya da Ƙarin Kuɗin Abin Hawa da Dare

A ƙungiyoyin adashi da muke aiki da su a Tudun Wada, iyalai da yawa sun dogara ga keke napep ko acaɓa domin samun abinci. Wasu ma da rance suka sayi abin hawan. Idan aka kama keke ya kwana uku a ofis, iyali sun rasa cefane na kwana uku, ga kuma balas da mai keke yake jira. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi nazarin wannan batu tare.

Mu fara da tara. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato Rod Sefti, a 1988. Dokarta ta 2007 ta sa tarar naira 2,000 ga rashin ɗaura bel, 2,000 ga rashin hular kwano, 4,000 ga amsa waya ana tuƙi, 10,000 kuma ga lodin da ya wuce ƙa'ida. Masu shekaru za su tuna Janairun 2009, lokacin da aka matsa a kan hular kwano har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa ceton kan kowa ba. Jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar, KASTLEA, da nata jerin laifuffuka.

Abin da muke so kowane direba ya riƙe shi ne: ba a biyan tarar Rod Sefti a hannun jami'i a bakin titi. Jami'i zai rubuta takarda mai nuna laifin da kuɗinsa. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya yana shiga asusun bai ɗaya ne. Don haka za a ciro lambar biya ta Remita, a biya a banki ko ta waya, sannan a kai shaidar biya ofis a karɓi takardu ko abin hawa. Wanda bai iya ba, ya tafi da wanda ya iya karatu. Kada a jinkirta, domin dokar 2007 ta sa kuɗin ajiya na naira 200 kowace rana bayan awa 24. Wanda ya tabbata bai yi laifin ba, yana da 'yancin a kai maganar kotu.

Mun san abin da direbobi ke cewa: gara a ba da na goro a wuce. A ganinmu wannan lissafin ba ya fita. Tara tana da iyaka, tana da rasit. Na goro ba shi da ko ɗaya, gobe ma za a sake tsayar da kai a kan laifin nan da ba ka gyara ba.

Ƙarin kuɗin dare dabam yake. Ba tara ba ne, ciniki ne tsakanin fasinja da direba. Da rana keke yana ɗaukar mutum uku ko huɗu daga Tudun Wada zuwa PZ, kowa ya biya kason kujerarsa. Da tsakar dare kuwa mai zuwa asibitin Shika ko Wusasa shi kaɗai ne, wato ya yi shata, kuma direba zai dawo ba kowa. Kuɗin mai na zuwa da dawowa duk yana kan mutum ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga kusan naira 195 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ga tsoron masu ƙwacen babur. Ƙari mai dalili ne, ko da yake wasu kan ninka kuɗi idan sun ga mace tana naƙuda, wannan kuwa zalunci ne.

A gama ciniki kafin a hau, a faɗi unguwa da ƙofar gida sosai, a riƙe canji. Ga ƙungiyoyinmu kuma, a taro na gaba kowace ta zaɓi direbobi biyu daga cikin unguwa, a yi yarjejeniya da su da rana tsaka a kan kuɗin zuwa asibiti da dare, a rubuta a littafin ƙungiya, a raba lambobin wayarsu ga gidajen da ke da mai ciki ko tsoho marar lafiya. Ma'aji ya ware abin da zai isa tafiya biyu a asusun gaggawa.