Tiyatar Ƙashin Ƙugu: Ku Tambayi Likita Kafin a Shiga Ɗakin Aiki

Karayar ƙashin ƙugu ba ta masu ɗori ba ce. Yawanci hatsarin mota ko babur ke jawo ta, ko faɗowa daga bisa, kuma takan zo da zubar jini a ciki. Idan an kai ga tiyata, a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa, dangi kan duƙufa wajen neman jini da kuɗin ƙarfe. Maganar zafin da zai biyo baya sai ta zama saura. Can ne kuwa ake fara sabo da ƙwaya.

Ku nemi ganin likita mai sa barci tun kafin ranar aiki, ku tambaye shi ko za a iya yi wa majinyacin allurar kashe jijiya. Likita kan duba da na'urar sikanin, ya zuba magani irin su bupivacaine kusa da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙugu da cinya, ko ya yi ta a gadon baya. Wurin sai ya mutu na wasu awoyi. Ba ta kore buƙatar mofin ko pentazocine gaba ɗaya, domin jijiyoyin ƙugu suna da yawa, allura ɗaya ba ta game su. Amma takan rage yawan abin da za a bayar a ranar farko, tashin zuciya da magagi su yi sauƙi.

Ku faɗa masa komai. In majinyaci yana shan maganin tsinka jini, allurar gadon baya na iya zama haɗari. In kuma ya saba da tiramol ko kodin, kada kunya ta sa a ɓoye. Jikin da ya saba ba ya jin ƙa'idar da ake ba kowa, likitan da bai sani ba zai yi ta lalube cikin duhu.

Abin da na fi so mai jinya ya riƙe shi ne lokacin da allurar za ta sake shi. Sau da yawa cikin dare ne, zafin kuma kan dawo gadan-gadan. Majinyaci ya ce shi lafiya lau yake, ya ƙi shan farasitamol ɗin yamma, ƙarfe biyun dare sai ihu. A sha magani a kan lokacin da aka rubuta, ko da ba a jin komai. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Diclofenac da ibuprofen suna taimakawa, amma mai olsa ko ciwon ƙoda sai da izinin likita. Muddin ƙafar a mace take, kada a bar shi ya sauko daga gado shi kaɗai.

A kira nas nan take in numfashi ya yi ƙasa ko an kasa tada shi daga barci. Haka in ya ji ƙara a kunne ko leɓɓansa sun mutu jim kaɗan bayan allurar.

Ranar sallama ku tambaya: kwana nawa zai sha maganin mai ƙarfi, kuma yaya za a riƙa rage shi? Ba a yanke shi farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. In ya ƙare zafi bai lafa ba, a koma asibiti, kada a bi ta kyamis. NAFDAC ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne, kuma tiramol in ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ragowar ƙwayoyin a kulle su inda samarin gida ba za su kai ba, ko a mayar wa sashen magani na asibitin.