Kafin Ka Ari Kwat Ɗin Yayanka

Ranar da na je ganawar neman gurbin SIWES, kwat ɗin yayana na ara. Hannunta ya shanye min yatsu, kafaɗar ta zubo kamar an rataye ta a ƙusa. Mai yi min tambayoyi ya fi kallon kwat ɗin a kan takarduna. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Tunda kare furojet ya ƙarato, ga abin da na koya, kada wani ya sha irin tawa.

Abu na farko shi ne ta zauna maka. Ɗinkin kafaɗar kwat ya tsaya inda kafaɗarka ta ƙare. Tela zai iya rage hannu da ciki, amma gyaran kafaɗa aiki ne mai wuya, don haka ko a gwanjo za ka saya, kafaɗa za ka fara dubawa. Bakin hannun rigar ciki ya leƙo kamar santimita 1.

In kwat mai maɓalli biyu ce, saka na sama, ka bar na ƙasa a buɗe. In za ka zauna, ɓalle shi. Tambarin nan da ke ɗinke a bakin hannu kuwa cire shi ake yi.

Kan laktaye ya sauka daidai kan bel. Launin bel ya bi na takalmi, baƙi da baƙi, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa. Takalmin ya zama sau-ciki, a goge. Safa mai duhu, doguwa, yadda in ka harɗe ƙafa ba za a ga ƙwauri ba. Farar safa ta filin ƙwallo ce. Ƙafar wando ta ɗan taɓa saman takalmi, kada ta share ƙasa.

In kwat ɗaya za ka iya mallaka, nemi shuɗi mai duhu ko ruwan toka, da farar riga. Za su kai ka kare furojet, su kai ka neman aiki.

In kuma aljihu bai kai ba, kuma sashenku bai wajabta kwat ba, ɗan'uwa, kaftaninka mai tsabta da ya sha guga, da hula, ya fi kwat ɗin da ba taka ba. Kayan aro ba ya rufe katara.