Cajin Asusun Karant: Yaushe Sauya Banki Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Asusun karant shi ne asusun shige da ficen kuɗi na yau da kullum, wanda ake ba mai shi littafin cek, kuma shi 'yan kasuwa da kamfanoni da ma'aikata da dama ke amfani da shi. A Najeriya yana da wani caji nasa na kansa wanda asusun ajiya ba shi da shi, wato kuɗin kula da asusu. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin da ya fita: bisa jadawalin Babban Banki na 2020, naira ɗaya a kan kowace naira dubu da mai asusu ya biya wani, ko ya tura zuwa asusunsa da ke wani banki. Kuɗin da ya shigo ba a taɓa shi da wannan caji.

Cajin yana da tarihi. A da sunansa COT, kuma ya kai naira biyar a kan dubu. Babban Bankin Najeriya ya tsara kashe shi sannu a hankali: naira uku a 2013, biyu a 2014, ɗaya a 2015, sannan ya ɓace a 2016. Amma a Janairun 2016 sai Babban Bankin ya amince wa bankuna su karɓi kuɗin kula da asusu, wanda bai wuce naira ɗaya a kan dubu ba. Shi ya sa har yau tsofaffin 'yan kasuwa ke ce masa COT, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, suna ne ya canza. Jadawalin caje-cajen Babban Banki da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ya bar shi yadda yake, tare da wata kalma da yawancin masu asusu ba su san da ita ba: cajin abin sasantawa ne. Naira ɗayar nan ita ce iyaka ta sama, ba farilla ba ce.

Abin da ya sa maganar sauya banki ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ne yadda sababbin caje-caje suka riƙa zuwa a jere. Daga 1 ga Maris 2025 aka soke cirewa uku na kyauta da ake yi duk wata a na'urar ATM ta wani banki, aka sa naira 100 a kan kowace 20,000, da ƙarin da zai iya kaiwa naira 500 idan na'urar ba a harabar banki take ba. Bayan an ƙara kuɗin kira da data, bankuna suka ɗaga kuɗin alat na tes daga naira 4 zuwa 6. Kuɗin USSD, naira 6.98, ya koma ana cire shi daga katin waya. Mutum yana ganin waɗannan suna sauka a wayarsa ɗaya bayan ɗaya, sai ransa ya ɓaci ya ce zai bar bankin. Wanda ya zauna a teburin sauraron koken masu asusu ya san wannan fuskar: an shigo da waya a hannu, ana nuna saƙonni, ana cewa a rufe asusun yau-yau.

Matsalar ita ce ba duk cajin ne na banki ba. Naira 50 da ake cirewa a kan kuɗin da ya kai 10,000 ko fiye haraji ne na gwamnati, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. A da daga wanda aka tura wa ake cire shi, kuma na wani lokaci manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint ba sa cirewa, har sai a Disambar 2024 da aka sa su ma su fara. Daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da shi kan mai turawa, da sunansa na asali na harajin kan sarki. Haka ma VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin hidimar banki. Waɗannan duk inda mutum ya je za su bi shi. Wanda ya bar banki saboda naira hamsin ɗin nan ya gudu ne bai tsira ba.

Abin da sauya banki zai iya ragewa shi ne wanda banki ke da ikon yafewa: kuɗin kula da asusu, da kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki, wanda jadawalin 2020 ya ƙayyade a naira 10 ga abin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 zuwa 50,000, naira 50 ga abin da ya haura haka. Akwai kuma caje-cajen da ba banki ne ke jawo su ba, al'adar mai asusun ce: cire kuɗi a na'urar wani banki alhali ta nasa bankin kyauta ce, ko barin alat na tes a kunne ga wanda ke duba imel da manhaja kullum. Ana iya neman a kashe tes a koma imel, sai dai banki zai sa a cika takardar ɗaukar alhaki, kuma ga wanda ba ya zama da data, naira shidan nan ta fi arha a kan a kwashe masa kuɗi bai sani ba.

Don haka kafin komai sai an zauna da sitatimen na wata uku zuwa shida, da biro, an ware kowane caji gidansa. Sakamakon yakan ba mutane mamaki. A ɗauki ma'aikacin da albashinsa 150,000 ne, kuma yana kashe shi duka a wata. Kuɗin kula da asusunsa naira 150 ne, da VAT ya kama 161 da 'yan kwabbai. Idan yana tura kuɗi sau ashirin a matakin naira 25, ya biya kusan 540. Alat sittin sun ci 360. Cirewa huɗu a na'urar wani banki sun ci aƙalla 400. Cajin da ya fi jin haushinsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma irin wannan mutum sau da yawa bai ma buƙatar asusun karant. Idan ba ya rubuta cek, asusun ajiya a bankin da yake ya ishe shi, in dai ya san cewa jadawalin 2020 ya sa wa katin asusun ajiya nasa cajin na naira 50 duk wata uku.

Lissafin ɗan kasuwa daban ne. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wanda naira miliyan 30 ke fita daga asusunsa duk wata zuwa wajen dilolin Legas yana biyan 30,000 na kula da asusu, da VAT 2,250. A shekara 387,000 ke nan, kuɗin hayar wani ɗan shago. Ba ya jin zafinsa ne saboda a dunƙule ake cirewa a ƙarshen wata, a cikin ɗaruruwan layukan da ba ya karantawa. Shi ne wanda sauya banki zai iya yi wa rana, kuma shi ne wanda bankinsa ba ya son ya rasa.

Saboda haka matakin farko ga mai irin wannan juyi shi ne ciniki, ba ƙaura ba. Ya rubuta wa manajan reshe takarda, ya ambaci adadin da ke fita daga asusunsa, ya nemi a rage masa cajin ko a cire. Bankuna na yin rangwame ga masu juya kuɗi da yawa, wani a mayar da shi kwabo hamsin a kan dubu, wani a yafe masa gaba ɗaya bisa sharaɗi. Abin kula a nan shi ne alkawarin baki ba ya shiga kwamfuta. Jami'in da ke kula da asusu zai iya cewa "Alhaji, an gama, kada ka damu," amma in ba a ba da takardar amincewa mai ɗauke da adadi da wa'adi ba, ranar da aka canza wa jami'in reshe rangwamen ya tafi da shi. Yawancin irin wannan rangwame ma na shekara guda ne, sai an sabunta.

Idan ciniki bai faɗa ba, sai a duba waje. Gasa ta sa wasu bankuna sun fara yafe abin da a da ba sa yafewa. A Afrilun 2025, alal misali, bankin Sterling ya sanar da soke kuɗin tura kuɗi ta manhajarsa. Bankuna da dama kuma suna da asusun da ake tallatawa da cewa babu kuɗin kula. A nan ne ake son karatun ƙananan rubutu. Galibi akwai sharaɗin kada kuɗin da ke ciki ya yi ƙasa da wani adadi, ko kada juyin wata ya wuce wani adadi, kuma duk watan da aka saɓa sai cajin ya dawo cikakke. Ɗan kasuwar da ke sauke kaya ya kwashe asusunsa tas duk mako biyu ba zai iya riƙe irin wannan sharaɗi ba, kuma miliyan ɗayar da za a ce ya bari kwance tana iya kawo masa ribar da ta fi cajin in ya sa ta a kaya.

Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus, suna jan mutane da yawa a Arewa, kuma dalilin a fili yake. Sai dai rashin kuɗin ruwa ba ya nufin rashin kuɗin hidima. Su ma suna cajin tura kuɗi da kati da alat, don haka a tambayi jadawalinsu kamar yadda za a tambayi na kowa.

Manhajojin waya sun fi kowa arha wajen tura kuɗi, shi ya sa suka mamaye kasuwanni. Amma lasisinsu ba ɗaya ba ne da na bankin kasuwanci, kuma bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya lalace. Tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, amma miliyan 2 ne a ƙaramin banki na maikurofainans, rukunin da Kuda da Moniepoint suke. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, miliyan biyar ɗin nan aka fara biya, masu fiye da haka suka shiga jiran a sayar da kadarori. Bai dace a kai jarin shago gaba ɗaya wani wuri don tsimin naira ashirin da biyar ba tare da an san lasisin wurin ba. Abin da ya fi yi wa yawancin 'yan kasuwa aiki shi ne raba ƙafa: ƙananan biye-biye ta manhaja mai arha, babban kuɗi a banki.

Ita kanta ƙaurar ba ta da gajeriyar hanya. A Birtaniya akwai tsarin da tun 2013 ke kwashe wa mutum komai zuwa sabon banki cikin kwana bakwai na aiki. A Najeriya babu irinsa, lambar asusu mai alƙaluma goma ta bankin da ya bayar ce, ba a tafiya da ita yadda ake tafiya da lambar waya zuwa wani layi. Komai da hannu ake yi. Sabon asusun karant yana buƙatar BVN da NIN da shaidar adireshi da mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya wa mai buɗewa, kamfani kuma sai da takardun rajistarsa. Tabbatar da masu tsayawar nan ne ke jan lokaci, don haka ba a rufe tsohon asusu sai sabon ya fara aiki sosai, an gwada manhajarsa da katinsa na wata ɗaya ko biyu.

A cikin wannan lokaci ne ake bin igiyoyin da ke ɗaure da tsohon asusun. Ma'aikaci zai kai sabuwar lamba ofishin albashi, inda galibi za a nemi takardar shaidar cewa tsohon bankin ba ya bin sa bashi. Wanda ake bi kuwa ya sani cewa tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ya ba da rance damar bin BVN ya ɗebi kuɗinsa daga asusun mutum a wasu bankuna idan ya kasa biya. Ɗan kasuwa zai bi lambar da ke buge a rasit, da wadda ke manne a bangon shago, da wadda kwastomomin Maraɗi da Agadas da Maiduguri suka adana a waya shekara da shekaru. Mafi haɗari su ne cek ɗin da aka bayar ba a kai banki ba tukuna, musamman masu kwanan wata na gaba. Cek ɗin da ya dawo don babu kuɗi yana jawo tarar kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ko naira 5,000, wadda ta fi yawa, ga zubewar mutunci a wajen dila, kuma doka ta ɗauki bayar da cek na banza a matsayin laifi. Akwai kuma wani ɗan abu da ake mantawa: kwashe ragowar kuɗi zuwa sabon banki shi ma fitar kuɗi ne, za a cire masa kuɗin kula da asusu.

Kafin rufewa a karɓi sitatimen na aƙalla shekara guda mai hatimin banki, domin sabon banki ba shi da tarihin mutum, kuma masu ba da rance da ofisoshin biza tarihin suke dubawa. Rufe asusu ba a biyan komai a kansa. Ana rubuta takarda, a mayar da ragowar cek da kati, a karɓi shaidar rufewa a rubuce. Wanda ya kwashe kuɗi kawai ya yi tafiyarsa bai rufe komai ba: bayan shekara guda babu motsi asusun zai koma cikin masu barci, yana nan da sunansa da BVN ɗinsa, kuma kuɗin da wani tsohon kwastoma ya tura ciki bisa kuskure sai an sake zaryar banki kafin a fitar.

Idan binciken sitatimen ya nuna an taɓa cire fiye da abin da jadawali ya yarda, ko an ci gaba da caji bayan an ba da takardar rangwame, barin banki ba ya kashe haƙƙin. Ana kai koke a rubuce ga bankin, a karɓi lambar koke, a ba shi lokacin warwarewa. In bai warware ba, sai a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, haɗe da lambar koken da kwafin sitatimen ɗin da aka ja wa layi a wuraren da ake jayayya.